Bindiga a Ƙofar Mashaya: Shawara ga Mai Tukuba, Mai Gadi da Mai Gidan Abinci

Duk wanda ya zaga GRA ta Fatakwal da daddare, ko layukan Fegge da Awada a Anaca, ko New Haven a Inugu, zai lura cewa cikin mashaya na masu gari ne, bakin ƙofa kuwa namu ne. Mai tukubar tsire ɗan Arewa ne. Haka mai gadin otal, da mai shayin da ke gefe, da mai teburin goro da sigari, da yaron da ke wanke takalma. Yawancinmu ba abin da ke kai mu ciki, amma idan aka yi harbi mu ne a kan hanyar harsashi. Idan kuma 'yan sanda suka iso bayan kowa ya watse, wanda suke tararwa shi ne wanda ya kasa gudu ya bar wutarsa da namansa.

Tambayoyin da 'yan'uwa mazauna can ke aiko mini ba su cika bambanta ba. Wani ya buɗe gidan tuwo kusa da Gariki a Inugu, yana son sanin ko doka ta tilasta masa kafa allon hana shiga da makami. Wani mai gadi ne, maigidansa ya miƙa masa bindiga ya ce kada ya damu, tana da takarda. Wani ɗan canji ne, ya ga bidiyon Amurkawa a waya, mutum na cin abinci da fistol a ƙugu, ya ce shi ma da yake yawo da kuɗin mutane me zai hana ya nemi lasisi?

Bari mu fara kawar da Amurka daga gabanmu, domin ita ce ke rikita lissafin. A can, gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa ikon mallakar makami, saboda haka gardamar da suke yi ita ce ta wuraren da ba za a shiga da shi ba. A jihar Texas, tun 1 ga Satumba 2021, mai shekara 21 da doka ba ta haramta wa ba yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ko ba lasisi. Sai dai duk wurin da kashi 51 cikin 100 na cinikinsa, ko fiye, daga giyar da ake sha a nan take yake fitowa, dole ya kafa allo mai lamba 51 da jan launi, tsayin lambar bai gaza inci 5 ba, bayanin kuma da Turanci da Sifaniyanci. Wanda ya shiga irin wannan wuri da bindiga ya yi babban laifi, ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Gidan abincin da cinikin abinci ya rinjayi na giya ba ya cikin wannan hukunci. In mai shi ba ya son makami, sai ya kafa nasa allon bisa ƙa'idar da doka ta zayyana. Wato su a wurinsu allon ne ke raba halal da haram.

A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar Bindigogi, wadda ta fara aiki a 1959 tun kafin samun 'yancin kai, ta gwamnatin tarayya ce, hukuncinta ɗaya a Kano da Anaca. Ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, gurneti, da kuma fistol da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu. A lura da wannan, fistol ajinta ɗaya da mashin-gan. Wanda aka kama da ita ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10. Gida na biyu na Sufeto Janar na 'yan sanda ne: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska, hukuncin riƙe su ba lasisi ya kai shekara 5. Gida na uku shi ne bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, su kuma maganarsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na kowace jiha. Harsashi ma sai da izini. Ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa a buɗe wa mutum fayil. Ga kuma Dokar Fashi da Makami ta 1984, ta zamanin mulkin soja, wadda 'yan sanda suka fi son kai ƙara da ita: tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Ita wannan ko a warwatse aka sami bindigar, baki daban, gindi daban, bindiga ce a wurinta.

Wuri ɗaya ne dokar 1959 ta taɓo shaye-shaye: ta hana a ba mashayi lasisi, kamar yadda ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa yanke wa hukuncin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Maganar allo a mashaya ko gidan abinci kuwa babu ita a ciki ko kaɗan. Ba ta da dalilin kawo ta, tunda abin da Texas ta hana a ɗaki ɗaya ita ta hana shi a ƙasar gaba ɗaya.

Ɗan canjinmu kuma ya huta da neman fom. A Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun bindigogi, har da wadda ake kira fam-akshin, da attajiran Kudu suka daɗe suna ɗauka halal ce. A Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi lasisi su kare kansu, kwamishinan 'yan sandan jiharsa ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan. A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada dakatarwar. Abin da gwamna mai ci ya kasa samar wa mutanensa, wani dillali a Upper Iweka ta Anaca ba zai samar maka ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto ya fito maka da takardar fistol, takardar da za ta ƙara maka tuhuma ta biyu zai sayar maka.

Daga nan sai lissafin ya zo da sauƙi. Mutumin da ka gani cikin farin kaya da fistol a mashaya, ko dai jami'i ne, ko mai laifi, ko jami'in da ke kan hanyar zama mai laifi. Cikin ukun babu wanda aikinka ne ka ƙwace masa makami.

Ajiya

Nan ne nake so a tsaya a yi tunani, domin mutanenmu da ke shiga wannan masifa yawanci ba su taɓa sha'awar bindiga ba. Manyan wuraren shaƙatawa suna da ƙarti a ƙofa masu laluben jiki. Yaron ƙungiyar asiri ya san ba zai wuce da abinsa ba, kuma ba ya son barin shi nesa. Sai ya waiga, ya ga Malam a bakin tukuba, ya miƙo 'yar jaka ko baƙar leda: “Aboki, riƙe mini, yanzu zan fito.” Ya zaɓe ka ne saboda sunan da muka yi na riƙon amana. Ya san ba za ka buɗe ba, ba za ka gudu da ita ba, kuma ba ka da bakin da za ka tona shi. Kai kuma ka karɓa don kunya, ko don kwastoma ne mai sayen tsiren dubu biyar kowane dare, ka cusa ƙarƙashin tebur wajen buhun gawayi.

Doka ba ta tambayar wa ya sayi bindiga. Wanda aka same ta a hannunsa ko a wurin da yake iko da shi take tambaya. Gaskiya ne lauya zai iya kafa hujja cewa ba ka san abin da ke cikin jakar ba, kuma alƙali na iya yarda. Amma kafin a kai ga alƙalin da ke da hurumin sauraron wannan hujja, majistare zai tura ka gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kuma wannan jira ba shi da ranar ƙarewa. Gidan yarin Fatakwal tun 1918 aka gina shi don mutum 800 da 'yan kai. Dubbai ke ciki, mafi yawansu masu jiran shari'a. Mai jakar kuwa ba zai zo ya ce tasa ce ba. In ma ya zo, zuwa zai yi ya tambayi yaranka ina kayansa.

Ƙin karɓar ajiyar da ba ka san cikinta ba bai saɓa wa amana ba. Amanar da ke wuyanka tun farko ita ce ta iyalin da ke jiran aike a gida, da ta yaran da ka ɗauko daga ƙauye suna yi maka yanka. Wahalar dai ita ce yadda za a ƙi ba tare da an tsokano faɗa ba, domin ce wa matashin da ya sha ya yi tatul “ban yarda da kai ba” neman magana ne. To a nan allo ke da rana. A ganina allon da ya fi kowanne amfani ga Bahaushe a waɗannan garuruwa shi ne ɗan ƙaramin da ke cewa ba a ajiya a nan. A rubuta shi da Turanci mai sauƙi, a manna a jikin gilashin tukuba ko ƙofar ɗakin gadi inda fitila ke haska shi. Idan aka miƙo jaka, ba kai ka ƙi ba, doka ce: ka nuna allon, ka ce oga ne ya hana, ko ƙungiya ce ta hana, in aka gan ka za a ci ka tara. Ya fi kyau ma ƙungiyar masu tsire ko ofishin Sarkin Hausawa su buga shi iri ɗaya da hatiminsu, kowa ya kafa rana ɗaya, don kada a ce wane ne mai tsaurin ido. Kuma dokar ta hau kan kowa. Ranar da ka karɓi jakar ɗan garinku a gaban wanda ka hana jiya, allon ya tashi aiki.

A gaya wa yara ma. Sau da yawa maigida ya tafi sallah ko sayo albasa, yaro ɗan shekara 15 ne a wurin, shi kuma ba ya iya ce wa babba a'a.

Mai gadin da aka miƙa wa bindiga, amsarka gajera ce. Lasisi, in ma akwai shi, na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Ba a aronsa, ba ya bin albashi. Hatta kamfanonin gadi masu rajista, waɗanda hukumar Sibil Difens ke sa wa ido, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga, balle kai da aka ɗauka da baki. Ka ce wa maigidan ya ba ka tocila mai ƙarfi, da usur, da waya mai kuɗi a ciki, bindigarsa kuma ya kulle ta a ɗakinsa. In ya dage, ka nemi wani aikin. Ranar da abu ya ɓaci shi lauyansa zai kira, kai kuma a rubuta sunanka a matsayin wanda aka kama da makami.

Sai wuƙa, wadda ita ce tamu ta gado. A gida mutum ya ɗaura wuƙa a damtse ko ya soke ta a ƙugu ba wanda zai kalle shi sau biyu. A Kudu ba Final Kod ake aiki da shi ba, Kiriminal Kod ne, kuma a cikinsa fita bainar jama'a da makami ba dalili, ta yadda zai firgita mutane, laifi ne mai ɗaurin shekara 2. Dokar 1984 kuma ta lissafa wuƙa da adda da mashi da kulki cikin makamai, ta yadda ƙaramar hatsaniya kan kuɗi, in aka ce an ga wuƙa, ana iya juya ta ta koma tuhumar fashi da makami, wanda hukuncinsa kisa ne. Wuƙar aiki a kan teburin aiki take da hujja. Idan an tashi, a naɗe ta a tsumma, a sa a jaka tare da tsinke da sauran kayan sana'a, katin ƙungiya na aljihu. Kada a shiga da ita cikin mashaya karɓar kuɗin nama. A ajiye, a shiga hannu sake.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Faɗan mashaya da kwalba yake farawa, kuma wanda aka fi ƙarfi makamin da ya fi kusa yake nema. Mafi kusa kuwa wuƙarka ce, wasasshiya, a ajiye a gefen tebur ta ɓangaren kwastoma. In aka soki mutum da ita, sunanta wuƙar Bahaushe, kuma kafin gari ya waye labarin da zai zaga unguwa shi ne Hausawa sun kashe ɗan gari. Saboda haka wuƙa ɗaya a hannu, sauran a akwati mai kwaɗo a ƙarƙashi. Tebur ya kasance tsakaninka da jama'a. Da ka ji muryoyi sun fara tashi a ciki, wuƙa ce farkon abin ɗaukewa, kafin kuɗi, kafin nama.

Mai gidan abinci da allonsa

Ba wanda zai ci ka tara don ba ka kafa allon hana makami ba, kuma rashinsa bai halatta wa kowa shigowa da bindiga ba. Duk da haka ka kafa. Ƙarfinsa daga ikonka na mai wuri yake fitowa: kana da damar gindaya sharaɗin shiga, wanda ya ƙi kuma ka ce ya fita. Yana kuma zame maka shaida ranar bincike, cewa gidanka ba mafakar masu makami ba ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu. Dokar tsaron da Gwamna Chukwuma Soludo ya sa wa hannu a Janairun 2025, wadda ta kafa rundunar Agunechemba a Anambra, ta ɗora wa masu otal da masaukai nauyin karɓar shaidar baƙi da sa kyamara, masu gidajen haya kuma su san wa suka ba ɗaki. A Anambra da Inugu duka gwamnati na rushe ginin da aka samu ana aikin garkuwa da mutane a ciki. Mai masauki a Bridge Head ta Anaca da ke karɓar direbobi da fatake ya sayi littafi ya riƙa rubuta suna da lambar waya da lambar mota.

Allon ya zama a daidai idon mai shigowa, ba bayan firji ba. Hoto ya fi rubutu aiki: bindiga da wuƙa, jan layi ya ratsa su. Ƙarƙashi a sa Turanci da Hausa, a Anaca da Inugu a ƙara Ibo, amma a ba ɗan gari mai ilimi ya rubuta, kada a yi kuskuren da zai zama abin dariya. A Fatakwal, inda Ikwerre da Ijaw da Ogoni da Ibo ke cakuɗe, Turancin buroka ya fi isar da saƙo. Kalmomin su zama na ladabi, ba na barazana ba. Abu biyu kuma kada ka yi. Kada ka buɗe wurin ajiye makamai a ƙofa kamar yadda ake ajiye takalma a masallaci, domin ka mai da kanka ma'ajin haramtattun kaya ke nan. Kada kuma ka sa yaro laluben mutane, sai in wurinka ya kai girman ɗaukar ma'aikatan tsaro masu horo. Idan ma'aikaci ya hango ƙarfe a ƙugun wani, ya zuba masa abincinsa kamar kowa, ya zo ya raɗa maka. Kai kuma ka kira baturen 'yan sandan yankin daga bayan gida, ba a gaban mutumin ba. Lambarsa ta kasance a wayarka tun kafin ranar, tare da 112.

Masu kaki da ke rako manya su ne allo ba ya tsayarwa. Dokar aikinsu ba ta yarda da shan giya a bakin aiki ko harbin burgewa ba, kuma ana hukunta su in abin ya fito fili: a Afrilun 2023 rundunar 'yan sanda ta kori jami'anta uku da ke rakiyar mawaƙi Dauda Kahutu Rarara saboda harbi a sama. A Yunin 2022 kuma 'yan sandan da ke rakiyar wani shahararren mawaƙi sun yi harbi a wani gidan rawa a Legas, mutum biyu suka ji rauni. Amma kora bayan an yi ɓarna take zuwa. Kai dai ka lura da inda bakin bindigarsa ke kallo, ka matsa. Kada ka yi gardamar canji da mai bindigar da ke warin giya. Naira dubu biyu ba ta kai ba. In ya zama ɗabi'a, ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa da lambar mota, shugabanninku su kai ƙorafi a rubuce da rana tsaka.

Idan harbi ya tashi, ƙasa ake kwantawa, a ja jiki zuwa bayan bango ko bayan injin mota. Gilashin tukuba da kwanon rufi ba sa tare komai. A watan Disamba, lokacin da 'yan gari ke dawowa gida ana bukukuwa da jana'izar manya, ƙarar nakawut da ta bindigar gargajiya kan sa kunne ya saba, har mutum ya tsaya kallo. Ka kwanta tukuna. In wasa ne ka tashi ka kaɗe riga. Bayan an lafa, kada ka taɓa kwanson harsashi, kada ka ɗauki bindigar da aka yar ko da niyyar miƙa ta ne. Haka in ka wayi gari ka tarar da ita a bayan shagonka: kada ka ɗauka, kada ka jefa a kwata, kada ka kai caji ofis a leda kai kaɗai. Ka kira mai gidan da shugaban ƙungiya, a je tare a ba da rahoto, a tabbatar an shigar a littafin ofis, su zo su ɗauka da hannunsu.

Wanda aka harba kuwa asibiti za a yi da shi kai tsaye. Tun 2017 akwai dokar da ta tilasta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, karɓar mai raunin bindiga ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2, kuma dokar ta ce kada a tsangwami wanda ya kawo shi. A danne raunin da tsumma mai tsabta a hanya. A san asibiti mafi kusa tun yau, domin asibitin Parklane na cikin garin Inugu, asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla kuwa tafiya ce, kamar yadda na Jami'ar Fatakwal yake can wajen Choba.

In an yi kamen kan mai uwa da wabi aka haɗa da kai, babban abin tsoro shi ne takardar bayani. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a rubutun da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, da a sanar da kai dalilin kamu da harshen da kake fahimta, da tafinta kyauta a kotu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya tana da ofis a jihohin Ribas da Anambra da Inugu. Ya kamata kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta riƙe lauya ɗaya da kuɗin adashi, wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare.

Na san abin da wani zai ce: to da me za mu kare kanmu? Ba tambayar banza ba ce. Mutanen Anaca ba su manta rikicin Fabrairun 2006 ba, na Oyigbo ta jihar Ribas ba su manta na Oktoban 2020 ba, kuma a Mayun 2022 an harbe wata 'yar Arewa mai ciki da 'ya'yanta huɗu a ƙaramar hukumar Orumba ta Arewa a Anambra. Tsarin mulki ya yarda mutum ya kare ransa gwargwadon barazanar da ke gabansa. Amma bai halatta masa haramtaccen makami ba, kuma fistol ɗaya ƙirar maƙera ba ta tare gungun mutane. Abin da take yi shi ne ba su hujja. A ƙarshen Maris 2025 wasu mafarauta 'yan Kano da suka taso daga jihar Ribas za su gida sallah suka faɗa hannun 'yan banga a Uromi ta jihar Edo. Bindigogin toka na farauta aka gani a motar, aka kashe mutum 16. Kisan gilla ne da ba abin da zai wanke shi, laifin kuma na waɗanda suka yi ne. Sai dai ya nuna yadda hanyar take a yau: kafin a tambayi takarda an riga an yanke hukunci. Tunda izinin bindigar toka maganar kowace jiha ce, katin ƙungiyar mafarauta ko takardar da aka bayar a Kano ba abin dogaro ba ne a shingen Obollo-Afor ko 9th Mile a jihar Inugu. Kada a yi tafiya da ita. Direba kuma ya sa a kwance duk saƙon da za a ba shi a gabansa, ya rubuta sunan mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da na ga yana kare mutanenmu ba shi da armashin bindiga, amma yana aiki. Rajistar kowa da kowa a wurin Sarkin Hausawa, har da yaron da ya sauka jiya daga tirela. Sanin mai unguwa da shugaban ƙungiyar gari da shugaban matasa ido da ido, da zuwa musu gaisuwar mutuwa da ta biki. Lokacin tashi da aka yarda da shi, ko da ciniki na kankama. Kiyaye ranar Litinin a wuraren da zaman gidan dole na Litinin da aka fara a Agustan 2021 bai gama sakin mutane ba. Da kuma korar ɓata-garin cikinmu da kanmu, domin yaron da ke sayar da ƙwaya a bayan tukubarka shi ke jawo masu bindiga wurinka.

Saura maganar gado. Akwai dattawan da suka zauna a Asata ta Inugu ko Diobu ta Fatakwal tun shekarun da ake ba da lasisin bindigar farauta, suka rasu, mai baki biyun tana nan a saman kwaba naɗe da tsohon bargo. Lasisi ba ya shiga rabon gado. Kwana 14 dokar 1959 ta ba magada bayan rasuwar mai shi, haka kuma kwana 14 ta ba mai lasisi ya kai rahoto in bindigarsa ta ɓace ko an sace. In wa'adin ya daɗe da wucewa, kada a ɗauke ta a nufi caji ofis kai tsaye. A nemo tsohon lasisin da takardar shaidar rasuwa, lauya ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda wasiƙa, a sa rana, a je da shaidu biyu. A karɓo rasit mai ɗauke da lambar bindigar da adadin harsasan da aka miƙa, a yi masa kwafi, ɗaya a gida, ɗaya a wurin lauya.